Muhawara a zauren waya na ƙungiyar garinmu a Jigawa: wa zai koya wa 'yan matan garinmu kwamfuta?

Malamar Lissafi: Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana. Da izinin Shugaba zan kawo wata magana da ta daɗe tana damuna. Rajistar JAMB ta ƙarato. Tun 2015 aka daina rubuta wannan jarrabawa a takarda, duk mai son shiga jami'a ko kwaleji sai ya zauna gaban kwamfuta, tambaya 180 cikin awa biyu. Mafi yawan 'yan matan da muke yayewa a garin nan, ranar jarrabawar ce ranar farko da suke zama gaban kwamfuta a rayuwarsu. Yarinya ta san amsa, ni na koya mata, na kuma san ta sani, amma sai lokaci ya yi ta tafiya tana laluben inda za ta danna, tana jin nauyin ɗaga hannu ta kira mai sa ido saboda baƙon namiji ne. Ta dawo da makin da bai kai ba, a gida a ce ai dama boko ba rabonta ba ne, kafin damina an sa mata rana.

Samarinmu ma ba gwanaye ba ne. Amma su suna zaman shagon caji, suna karɓar wayar abokai su latsa, ranar Lahadi su hau mashin zuwa Gujungu su ga yadda ake hada-hada. Ita kuwa daga makaranta sai ɗiban ruwa, sai talla, sai Islamiyya.

Ga roƙona. Akwai ɗaki a sakandaren 'yan mata da kwamfutoci a ciki, an lulluɓe su saboda ƙura, babu wuta, babu mai koyarwa. Kuɗin da ƙungiya ta tara bana, a ɗebi wani abu a sa sola a ɗakin, a nemo mace ta riƙa koyarwa bayan an tashi. Mace na ce, kuma da gangan na faɗa.

Shugaban Zaure: Wa alaikumus salam Malama. Magana ta shigo, kowa ya faɗi ra'ayinsa cikin ladabi. A dakata da turo hotuna da bidiyon da ba su shafi batun ba har a gama.

Baban 'Yan Biyu: Malama, Allah ya saka miki da alheri, kowa ya san ɗawainiyar da kike yi da yaran nan. Amma kuɗin nan da muka tara, don gyaran rijiyar burtsatse muka tara shi, kuma 'yan matan da kike magana a kai su ne ke tafiya ɗiban ruwa mai nisa. Na biyu, me ya sa mata kawai? Maza ba 'ya'yanmu ba ne? Na uku, kuma shi ne babba a wurina, ni uba ne. Ina ganin abin da babbar waya ta mayar da 'ya'yan mutane a TikTok. Yarinyar da ba ta iya haɗa ido da babba, ka wayi gari an ce ga ta can tana rawa duniya na kallo. Da hannuna ba zan buɗe wa 'yata wannan ƙofa ba.

Mai Shagon Caji: Kawu, bari in ba da shaidar abin da ke faruwa a shagona, tunda ni ne mai caji kuma ni ne mai POS. Lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, matan garin nan sun sha wahalar da maza ba su sha ba. Mace na da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, mai saye ya ce zai yi tiransifa, ita ba asusu, sai a tura wa ƙanin miji ko wani maƙwabci, kuɗin ya dawo mata ba cikakke ba ko ya ƙi dawowa. Har gobe ana aiko mini da yaro riƙe da katin banki da lambar sirri a rubuce a 'yar takarda, ya miƙo mini a gaban jama'a. In ni na ji tsoron Allah, wanda ke tsaye a bayansa fa? Akwai wadda aka kira aka ce daga banki ne, za a ba ta tallafi, ta karanto lambobin da aka turo mata, aka kwashe kuɗin adashin mata da ke hannunta. Ba ta taɓa shiga TikTok ba, rashin sani ne ya cuce ta.

Batun JAMB kuma, Malama, ai ko mawus, wato linzamin kwamfuta, ba dole ba ne. Sun tsara maɓallai takwas: A, B, C, D na amsa, N ka yi gaba, P ka koma baya, S ka miƙa, R ka janye. Yarinya ta samu zama biyu zuwa uku tana gwaji, tsoron ya fita. Abin takaici ne a ce wannan ɗan abu ke kayar da su.

Baban 'Yan Biyu: Ɗana, wannan na banki na yarda da kai, ya faru a gidan ɗan uwana. Amma koyon asusu daban, sakin yarinya a intanet daban.

Jami'ar Lafiya: Yaya, ka yi haƙuri in yi maka magana ta 'yan uwantaka. Ƙofar da kake cewa ba za ka buɗe ba, wani ke buɗe ta, kuma ba ya neman izininka. Ka duba garin nan, 'yan mata nawa ne uba ya saya wa babbar waya? Saurayi ne ke kawowa lokacin zance, ko a sako ta a kayan lefe. Shi zai buɗe mata WhatsApp, shi zai sa lambar sirri, shi ya san komai na ciki. Ranar da suka ɓata, hotunanta na hannunsa. A asibiti muna ganin yaran da ciwonsu ba na jiki ba ne, barazana ake yi musu da hoto, sun kasa faɗa wa kowa, sun daina cin abinci. Da wata babbar mace ta taɓa zaunar da su ta ce kada ki tura, ga yadda ake toshe mutum, ga yadda ake ajiye shaida, ga wanda za ki gaya wa, kuma akwai dokar laifukan intanet tun 2015 da ake hukunta mai yin haka, da da yawansu sun tsira. Namiji malami ba zai iya wannan zancen da su ba, su ma ba za su buɗe baki a gabansa ba.

Sannan batun aiki. Mu a lafiya, rigakafin gida-gida da ƙidayar masu juna biyu da rahoton wata, yanzu da yawa da waya ake cike su a tura. Gidajenmu kuwa ba shiga ne, mace kaɗai ke wuce zaure. In aka zo ɗaukar ma'aikatan wucin gadi aka ce ana son mace mai sakandare da ta iya cike fom a waya, sai mu yi ta dube-dube, a ƙarshe a kawo daga Ringim ko Dutse, su karɓi alawus su tafi. Wadda ta je makarantar koyon aikin lafiya a Jahun ma kwamfutar na jiranta a can. Kuna son mace ta duba matanku in haihuwa ta zo, to ta wannan hanyar za ta bi kafin ta zama ungozoma.

Na'ibin Liman: Assalamu alaikum. Na karanta duka. Ta fuskar addini babu abin da ya hana. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce neman ilimi wajibi ne a kan kowane Musulmi, malamai kuma sun yi bayani cewa mace na ciki. A ƙasar nan tamu muna da abin koyi. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, da ta ga matan karkara ba za su iya zuwa inda ilimi yake ba, sai ta horar da jajis, manyan mata amintattu, su zo su ɗauki karatu su koma ƙauyuka su koyar da 'yan uwansu mata. 'Yan Taru ke nan. Ba ta ce mata su zauna da jahilci don gudun fitina ba, ba ta kuma ce su cuɗanya da maza ba. Ta nemo tsarin da iyaye da mazaje za su natsu da shi.

Don haka ina goyon baya da sharaɗi: mai koyarwa mace, da rana tsaka, a cikin makaranta, a tashi kafin la'asar ta yi sanyi, kuma kada ya ci lokacin Islamiyya. Tsoron Baban 'Yan Biyu tsoro ne na gaskiya, kada a raina shi. Duk uban da ke son ya leƙa ya ga abin da ake koyarwa, a bar shi ya leƙa.

Malamar Lissafi: Allah ya gafarta Malam, sharuɗɗan nan duk na karɓa. Alhamis da Juma'a babu Islamiyya, sai a ɗauki yammacin Alhamis, a ƙara da safiyar Asabar ga waɗanda ba su da hadda.

Dillalin Riɗi: Ni tambayata ɗaya. Ina gwamnati? Ina jin ana ta maganar AGILE a rediyo, shirin Bankin Duniya na karatun 'yan mata. An fara da jihohi bakwai har da Kano, daga baya aka shigo da Jigawa, kuma an ce koyar da kwamfuta na cikinsa. Kashifu Inuwa, wanda aka naɗa shugaban NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, ɗan Haɗeja ne. Tun zamanin Saminu Turaki ake kiran Jigawa da jihar kwamfuta. To me ya sa sai mu talakawa za mu cire kuɗin ruwan shanmu? A rubuta takarda a kai inda ya dace.

Ɗalibar Kazaure: Ina gaida iyayena. Ni ƙarama ce a zauren nan, amma tunda abin da nake karantawa ke nan a Kazaure, ku ba ni dama.

Baba Dillali, gaskiya ne a rubuta takarda, haƙƙinmu ne. Sai dai ga yadda shirye-shiryen nan suke. Ɗauki shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 don horar da mutum miliyan uku a fannin fasahar kwamfuta. Ta intanet ake nema, sai kana da imel, sai ka cike fom da Turanci, yawancin karatun ma ta intanet ake bi. Wato sai wadda ta riga ta iya ce za ta shiga. Yarinyar da ba ta taɓa buɗe imel ba, ko labarin ba zai iso ta ba, balle ta nema. Matakin farkon nan babu wanda zai zo daga Abuja ya yi mana shi. Kuma giɓin ba a garinmu kaɗai yake ba. Rahoton GSMA, ƙungiyar kamfanonin waya ta duniya, na 2024 ya nuna a Afirka kudu da Sahara mata na bayan maza da kashi 32 cikin ɗari wajen amfani da intanet ta waya.

Abin da nake tsoro shi ne a yi irin bitar da aka saba: kwana uku, a raba riga da kuɗin mota, a ɗauki hoto, a ba da takardar shaida, yara goma a kan kwamfuta ɗaya, mai bayani na ta Turanci. Wannan ba koyo ba ne. A makarantu da yawa ana koyar da darasin kwamfuta a allo, a zana kibod da alli, yara su haddace sunayen sassa su ci jarrabawa, hannunsu bai taɓa komai ba. In za a yi, a yi kaɗan mai kyau. Yara biyu a kan kwamfuta ɗaya, kada su wuce haka. A yi bayani da Hausa, kalmomin Turancin da ke kan allon a koya musu su ɗaya bayan ɗaya a inda suka ci karo da su. A fara da kunnawa da kashewa da buga rubutu har yatsu su saba. Sai gwajin JAMB, wanda akwai manhajojinsa da ba sa buƙatar data. Sai buɗe imel da cike fom da adana takardu. Sai lissafin sana'a a Excel, manhajar lissafi, ta rubuta kuɗin gyaɗa, kuɗin niƙa, kuɗin itace, ta ga ribar mahaifiyarta da idonta. Sai tsaron kai da Anti Jami'a ta faɗa. Wadda aka ga kanta na ja, ita za a nuna wa yadda ake rubuta manhaja, a tura ta gaba, ga Kazaure, ga jami'ar tarayya a Dutse, ga ta Kafin Hausa, ga ta fasaha a Ɓaɓura. Kuma a sani WAEC ma ta fara jarrabawa da kwamfuta ga masu zaman kansu tun 2024, abin tahowa yake yi.

Kawu ya tambaya me ya sa mata kawai. A ajinmu na gani, in aka haɗa mu a kan kwamfuta ɗaya, namiji ne ke riƙe mawus, mace na gefe tana rubuta abin da ya yi. Ba mugunta ba ce, shi ya saba, ita tana jin kunya. In ba a ware musu lokacinsu ba, haka za a gama zangon tana kallo. Maza a ba su wata ranar, ban ƙi ba.

In an amince, hutun nan ni zan fara koyarwa ba tare da an biya ni ba, in horar da mata biyu cikin waɗanda suka gama sakandare suna zaune a gida, su ci gaba in na koma makaranta. Akwai kuma ƙungiyar CITAD a Kano, sun daɗe suna aikin kai ilimin kwamfuta ga mata da karkara, ana iya neman shawararsu.

Na'ibin Liman: Allah ya yi miki albarka 'yata, ya ƙara basira.

Dillalin Riɗi: To na ji. Amma takardar ma a rubuta, kada gobe a ce ba mu nema ba.

Malamar Lissafi: Gwaggo mai ƙuli-ƙuli ta turo saƙon murya, ta ce in rubuta wa waɗanda ba su da datar saurare. Ga abin da ta ce:

"Ina gaida Shugaba da Malam da kowa. Ni ban yi boko ba, jikata ce ke karanta mini abin da kuke rubutawa. Duk kun yi magana mai kyau, amma babu wanda ya tambayi uwa. Yarinyar nan da kuke so ta zauna Alhamis da Asabar, ita ce ke ɗaukar mini faranti. Ni ba na fita. In ba ta kai kasuwa ba, ba a sayar ba, kuma da ribar nan nake tara mata kwano da katifa. Ranar da aka kai ta ɗaki babu kaya, ba kwamfuta za a zaga ba, ni za a zaga. Ba na ƙin karatu, wallahi ina so ta fi ni. Amma ku gaya mini wa zai ɗauki farantin."

Jami'ar Lafiya: Gwaggo ta faɗi abin da ya fi komai nauyi a zancen nan. Sola da kwamfuta kuɗi ne ke sayensu, lokacin yarinya kuwa a hannun uwa yake, uwar kuma ba don son ranta take tura ta ba. In ba mu amsa wannan ba, 'ya'yan ma'aikata da na masu hali ne kawai za su cika ajin, waɗanda dama akwai babbar waya a gidajensu.

Mai Shagon Caji: Gwaggo, ranar da jikarki ke aji, a aiko da ƙullin ƙuli-ƙulin shagona, in ajiye a kan tebur. Masu zuwa karɓar waya suna saye. Ba zan ci ko sisi ba. Iyaye mata uku zuwa huɗu zan iya yi wa haka, fiye da nan teburin ba zai ɗauka ba.

Ɗalibar Kazaure: Kuma Gwaggo, akwai matan da daga cikin ɗaki suke sayar da man gyaɗa da yaji da hula ta WhatsApp, a turo kuɗi asusunsu, a ba direba ya kai Dutse ko Kano. Ba zan yi miki alkawarin zai maye gurbin talla nan da wata ɗaya ba, sai an samu masu saye da suka yarda da kayan, sai an samu direba mai amana. Amma jikarki za ta iya fara gwadawa da kayanki tun tana ajin, ya zama shi ne aikin da za a duba mata.

Malamar Lissafi: Gwaggo ta sake turowa. Ta ce: "Alhamis na yarda. Asabar ban yarda ba, ranar nake suya. In na ga kuɗi ya shigo ta wayar, sai mu sake magana."

Baban 'Yan Biyu: Na saurari kowa. Maganar ƙanwata Jami'a ta tsaya mini a rai, ban taɓa tunanin ta wannan fuskar ba. Duk da haka ruwa na gaba. A fara gyara rijiyar, abin da ya ragu a sa a sola, in bai isa ba a sake karo-karo, ni ma zan bayar. 'Yan biyuna za su je, amma kwamfutar makaranta kawai, ban yarda a ce sai an saya musu waya ba. Kuma mahaifiyarsu za ta je ta zauna a ajin ranar farko.

Ɗalibar Kazaure: Kawu, ta zo ko da kullum ne. In ta so ma a ba ta kujera ta koya.

Shugaban Zaure: To alhamdu lillahi. Ga inda aka tsaya. Mai Shagon Caji zai duba kwamfutocin ya gaya mana masu aiki da ƙarfin solar da za su buƙata, tare da farashi daga wuri biyu. Malama za ta samu shugabar makaranta, don ɗakin na gwamnati ne, sai da izini a rubuce. Dillali, tunda kai ka kawo batun takarda, kai da sakatare za ku rubuta. Ni da Malam za mu je wurin Dagaci. Batun rabon kuɗi tsakanin rijiya da sola ba a waya za a yanke shi ba, sai a taron ranar Juma'a bayan an sauko.

Jami'ar Lafiya: Shugaba, a ƙara abu ɗaya a taron. Duk maganarmu a kan 'yan makaranta take. Akwai waɗanda aka cire daga aji uku aka aurar, akwai ƙananan zawarawa da suka dawo gida da goyo, su ne suka fi zuwa wurina neman a cike musu fom. Zawarawan iyayensu za a tambaya. Matan auren fa, wa zai yi wa mazajensu magana?

Na'ibin Liman: Wannan ku bar mini. Amma a ba ni sunayen mazajen a keɓe, kada a rubuta su a nan, in bi su ɗaya bayan ɗaya kafin Juma'ar.